Mutuwar Injin Mota a Ƙaramin Gudu: Dalilanta da Hanyar Gano Su, Tare da Misali Daga Hanyoyin Batsari da Safana

Gabatarwa

Daga cikin cututtukan mota babu wadda ta fi wahalar da direba da bakanike kamar wadda take zuwa ta tafi. Motar da ta ƙi tashi ƙememe ta sauƙaƙa wa mai gyara aiki, domin laifinta yana nan zaune yana jiran a gan shi. Amma akwai wadda za ta yi gudu lafiya lau a kan miƙaƙƙen titi, sai an zo kwana, ko rami, ko shingen jami'an tsaro, an ɗaga ƙafa daga totur, sa'an nan inji ya yi shiru. A murɗa makulli ta tashi kamar ba abin da ya faru, ta yi kwana biyu ko uku ba ta sake ba. Idan aka kai ta gareji kuwa sai ta yi lamo, bakanike ya saurara ya ce bai ji komai ba.

Wannan lacca za ta duba abin da ke sa inji mutuwa a ƙaramin gudu, da yadda ake bin diddigin laifin har a kama shi. An zaɓi ƙananan hukumomin Batsari da Safana na yammacin Jihar Katsina don su zama wurin misali, saboda a can ƙura da zafi da gargadar hanya da ƙarancin mai mai tsabta sun taru a kan mota guda, kuma a can tsayawar mota a inda ba a yi niyya ba tana iya zama maganar rai. Abin da za a tabbatar shi ne, laifin da ke zuwa jefi-jefi ana gane shi ne ta lokacin da yake zuwa. Wanda ya san lokacin ya ci rabin aikin, wanda bai sani ba kuwa sai ya yi ta sayen kayan gyara yana canki-canki.

Dalilin da Ya Sa Sai a Ƙaramin Gudu

Injin fetur na yawancin motoci yana aiki ne bisa tsarin bugu huɗu wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala a shekarar 1876. Fistin yana sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, filogi ya ba da tartsatsi su kama wuta su tura fistin ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. A cikin bugun nan huɗu guda ɗaya ne kaɗai yake ba da ƙarfi, sauran ukun ci suke yi. Abin da ke riƙe inji tsakanin wannan fashewa da mai bi mata shi ne wani faifan ƙarfe mai nauyi a bayansa, wanda ake kira fulawil, da yake tara ƙarfi yana sakinsa.

A nan ne asirin al'amarin yake. Inji mai silinda huɗu yana fashewa sau biyu a kowane juyi. Idan yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kamar yadda yake yi a kan babban titi, fashewa 100 ke nan a daƙiƙa guda, kuma ko ɗaya ko biyu sun kuskure ba wanda zai ji. Amma idan aka ɗaga ƙafa ya koma juyi 750, watau gudun da makanikai ke kira sulo, fashewar ta koma 25 kacal a daƙiƙa. Bugu da ƙari, ƙarfin da fulawil ke tarawa ba ya raguwa daidai da raguwar gudu, ninkawa yake yi: idan gudu ya ragu kashi huɗu, ƙarfin da ya tara raguwa yake yi kashi 16. Saboda haka a lokacin sulo inji ba shi da ajiya. Ƙaramin tuntuɓe ya isa ya kayar da shi.

Har ila yau, a lokacin nan ƙofar totur kusan a rufe take, iska da mai suna shiga ne ta wata 'yar siririyar hanya. Injin fetur yana son kimanin awo 15 na iska ga awo ɗaya na mai, bisa nauyi. Tsaguwar tiyo wadda ba ta kai tsinin allura biyu ba, ko ƙwayar yashi guda a cikin hanyar mai, ba za su taɓa wannan ma'auni ba idan totur a buɗe yake, amma a lokacin sulo suna iya rusa shi. Daɗin daɗawa kuma, a ƙaramin gudu ne ake ɗora wa inji kaya iri-iri: ana juya sitiyari, ana taka birki, fankar lagireto tana tashi, ga fitilu, alhali kuwa na'urar caji tana ba da wuta mafi ƙaranci. Kenan laifin yana nan tun tuni, gudu ne yake rufa masa asiri.

Ƙasar da Motar Take Aiki a Cikinta

Batsari da Safana suna gefen Dajin Rugu, suna iyaka da Jihar Zamfara ta yamma. Ƙasa ce ta noma da kiwo, kuma mota ita ce ke haɗa garuruwa irin su Ruma da Wagini da Runka da Zakka da kasuwannin Katsina da Dutsin-ma da Jibiya. Da zarar an sauka daga kwalta sai burji da hanyar yashi, inda direba kan yi tafiya mai tsawo bai wuce giya ta biyu ba. Motar da ke wannan aiki rabin rayuwarta a ƙaramin gudu take yin sa.

Kowane lokaci na shekara da irin tasa masifar. Da hunturu ƙura mai laushi tana toshe matacin iska, wadda ta kuɓuce kuwa ta haɗu da tururin baƙin mai ta daskare a maƙogwaron totur. Da bazara, musamman a watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, kuma ƙarƙashin bonet ya fi haka nesa ba kusa ba, har fetur ya riƙa tafasa a cikin bututu. Da damina ruwa yana shiga wayoyin wuta idan an ratsa kududdufi, yana kuma shiga durom da jarkar masu sayar da mai.

Maganar mai tana da nata tarihi. Inda gidan mai ya yi nisa, direba ba shi da zaɓi sai 'yan bumburutu, man jarka kuwa ba ya rasa laka ko ruwa, wani lokaci har da gaurayen kananzir. A ƙarshen watan Agusta na shekarar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar daƙile matsalar tsaro, wadda ta hana sayar da mai a jarka, ta kuma taƙaita yawan man da za a sayar wa mota a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, har da waɗannan biyu. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a yankin na wani lokaci. Daga baya, cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya sa direbobi da yawa suka saba da tafiya da ɗan abin da ya rufe gindin tanki. Gindin tanki kuwa nan ne matattarar ruwa da tsatsa, kuma famfon mai na motocin zamani, wanda yake nutse cikin tanki, da man ne yake sanyaya jikinsa. Gurɓataccen mai ma bai tsaya ga jarka ba, domin a watan Fabrairu na 2022 hukuma ta tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar nan, ya lalata motocin mutane.

Game da haɗari kuwa, iri biyu ne. Na farko na cikin motar ne: idan inji ya mutu sitiyari yana yin nauyi, birki ma bayan taku ɗaya ko biyu yana sandarewa, domin na'urar da ke taimaka masa da zuƙar inji take aiki. Na biyu na hanya ne. Yankin ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga, alal misali wanda aka kai ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari a watan Fabrairu na 2020, inda aka kashe mutane kimanin 30. Wanda ya ɗauko maras lafiya ko mai naƙuda da almuru a irin wannan hanya ba ya ɗaukar mutuwar inji a matsayin ƙaramin abu.

Shaidar Direba

Tun da laifin ba ya bayyana a gaban bakanike, babban mai shaida shi ne direba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a kwance ƙusa ko guda, lalle ne a sami amsar waɗansu tambayoyi, domin kowace amsa tana rufe waɗansu ƙofofi ta bar kaɗan a buɗe.

Tambaya ta farko ita ce yadda injin yake mutuwa. Idan yana shaƙewa, yana tari, yana jan rai kafin ya yi shiru, zargi yana kan mai ko iska. Idan kuwa ya ɗauke ne farat ɗaya kamar an kashe makulli, zargi yana kan wuta. Ta biyu ita ce ko da sanyi yake yi ko sai ya yi zafi. Mutuwa da sassafe tana nuna cok ko na'urar auna zafi. Mutuwa bayan doguwar tafiya tana nuna kwayil, ko famfon mai, ko tafasar fetur. Ta uku ita ce yadda yake tashi bayan ya mutu: wanda ya tashi nan take dabam yake da wanda sai ya huta minti 15 ko 20, domin na biyun wani abu ne a cikinsa yake jiran ya huce. Ta huɗu ita ce abin da direba yake yi a daidai lokacin, ko taka birki, ko shan kwana, ko faɗawa rami, ko kunna fitila. Ta biyar ita ce yawan man da ke tanki, da wurin da aka sha shi, da kuma gyaran da aka yi wa motar na ƙarshe.

A ɗauki misalin a-kori-kura wadda ta taso daga Runka da lodin hatsi, ba ta taɓa mutuwa a kwalta ba, sai a gargada, kuma farat ɗaya, har fitilun gaban direba su yi ƙyafta. Wannan ba ta bukatar a taɓa mata kafireta. Waya ce ta saki, ko kan batir, ko wayar da ke haɗa inji da jikin mota. A ɗauki wata kuma wadda take mutuwa duk sa'ad da aka taka birki a hankali ana shirin tsayawa, kuma ana jin wani huci a wajen ƙafar direba. Wannan robar da ke cikin gangar birki ce ta tsage, tana sakar wa inji iskar da ba a auna ba.

Tsofaffin Motoci Masu Kafireta

Tun bayan da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, a daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata, ƙirar 504 da 404 suka zama jakunan Arewa, kuma a kansu ne yawancin manyan makanikan ƙasar Katsina suka koyi aiki. A irin waɗannan motoci kafireta ce take auna mai. Tana da wata 'yar ƙaramar ƙofa ta musamman don sulo, wadda raminta bai fi rabin milimita ba sai kaɗan. Idan ƙwayar datti ta shiga kwanon kafireta, takan toshe ƙofar yau, gobe girgiza ta kawar da ita, jibi ta dawo. Wannan shi ne mafi yawan dalilin mutuwa jefi-jefi a tsohuwar mota. Maganinsa a kwance a wanke, a hure da iska, a sauya matacin mai. Kada a zura waya a cikin ramin, domin faɗaɗa shi take yi.

Akwai kuma balbalin da ke cikin kwanon, wanda ke tsayar da mai a ma'auni ɗaya. Idan ya huje ko allurarsa ta cinye, mai yana ambaliya, sai inji ya shaƙe wajen birki ko kwana, a ji warin fetur, a ga baƙin hayaƙi. Idan kuwa ƙofar numfashin tanki ce ta toshe, motar takan yi 'yar tafiya ta mutu, kuma da an buɗe murfin tanki sai a ji ya ja iska.

Ta wajen wuta, abin dubawa shi ne kwantak da kwandansa da ke cikin distiributa. Tazarar bakin kwantak kimanin milimita 0.4 ce, idan ta matse saboda cinyewa, tartsatsi yana raunana. Kwayil da ya tsufa yakan yi aiki da sanyi, ya yanke da zafi, ya dawo bayan ya huce. Murfin distiributa da ya tsage kuwa sai da damina yake nuna halinsa. Filogi shi ma mai ba da labari ne: baƙi mai toka yana nuna mai ya yi yawa, fari fat yana nuna iska ta yi yawa, ruwan ƙasa-ƙasa shi ne lafiya.

Motocin Zamani

Motocin da suka maye gurbin 504 a tashoshi, irin su Volkswagen Golf da Sharan da ƙananan motocin Japan da aka shigo da su gwanjo, yawancinsu ba su da kafireta. Wata 'yar kwamfuta ce, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota, take karɓar rahoto daga na'urorin awo, ta yanke yawan man da nozul zai fesa da lokacin da filogi zai ba da wuta. Dokar ba ta sake ba, mai da iska da wuta ne dai, sai dai wuraren laifin sun sauya.

Wuri na farko shi ne maƙogwaron totur da bawul ɗin sulo, inda ƙura da baƙin mai suke daskarewa su rage hanyar iska. Alamarsa ita ce allurar juyi ta faɗi ƙasa da an ɗaga ƙafa, ta yi rawa, wani lokaci ta farfaɗo wani lokaci ta mutu. Wankewa ta wadatar. Na biyu shi ne na'urar auna iska da babban tiyon da ke bayanta, wanda yakan tsage a cikin lanƙwasarsa, tsaguwar ta buɗe idan inji ya motsa a kan kujerunsa. Na uku shi ne bawul ɗin da ke mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, wanda ya kamata ya rufe ruf a lokacin sulo. Idan gawayi ya hana shi rufewa, inji yana shaƙar hayaƙinsa ya mutu. Na huɗu shi ne na'urar da ke ƙirga juyin inji. Ita ce gwanar yankewa da zafi: mota ta mutu farat ɗaya, kik yana juyawa ba ta tashi, bayan ta huce ta tashi. Na biyar shi ne famfon mai, wanda a yawancin waɗannan motoci ya kamata ya riƙe matsi kimanin ba 3. Idan ya gaji yakan yi kuka a tanki, kuma laifinsa ya fi tsanani idan mai ya yi ƙasa. A mota mai giya ta otomatik kuwa, idan tana kakkarwa ta mutu daidai wajen tsayawa kamar wanda ya manta bai taka kuloci ba, sai a duba giyar.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejin ƙasar nan, watau cire bawul ɗin da ke tsare zafin ruwan inji, da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Sakamakonta shi ne inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai, filogi ya yi baƙi, sulo ya lalace.

Tun daga 1996 a Amurka, da 2001 a Turai, doka ta tilasta a sa wa motocin fetur wata kafa da ake jona na'urar bincike, ta karanto lambobin laifin da ƙwaƙwalwa ta ajiye. Wannan taimako ne babba, amma lambar tana nuna unguwar da laifin yake ne, ba ta nuna gidan. Lambar da ta ambaci wata na'ura tana iya nufin wayarta ce ta goge, kuma famfon da ya gaji yana iya kashe mota bai bar lamba ko guda ba.

Tsarin Bincike

Ƙa'idar ita ce a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a bi da mai araha, a ƙare da mai tsada. Da farko a duba da ido, a taɓa da hannu: kawunan batir, wayoyi, tiyo, matacin iska. Sa'an nan a ɗebi ɗan mai daga bututu a zuba a farar kwalba a ajiye. Idan da ruwa zai kwanta a ƙasa a gan shi sarai. Bayan haka a auna wuta: batir mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12.6 idan inji a kashe yake, da 13.5 zuwa 14.5 idan yana aiki. Daga nan a wanke hanyar sulo, a auna matsin mai.

Mafi muhimmanci shi ne a kirawo laifin da gangan. Idan direba ya ce da zafi ne, a bar motar ta yi zafi, a kunna fitilu, a juya sitiyari, a taka birki. Idan ya ce a gargada ne, a girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya inji yana sulo. A daidai lokacin da ya mutu ne ake tambayar ko akwai tartsatsi, ko akwai mai, domin bayan minti 10 shaidar ta gudu. Kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a gwada. Wanda ya sauya biyar tare, ko motar ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba. Abin da ya kamata a guje masa shi ne ɗaure sukurun totur don inji ya riƙa ihu. Wannan rufe tukunya ne da wutarta a ƙasa: mai yana ƙonewa a banza, laifin kuma yana girma.

Kammalawa

Ga ma'aikacin da aka damƙa wa motar hukuma, ko ta asibiti ce, ko ta malaman gona, ko ta sashen ilmi, darasin a fili yake. Littafin da ake rubuta tafiye-tafiyen mota ya kamata ya ƙunshi kowace mutuwar inji: rana, da sa'a, da wuri, da yawan mai, da abin da direba yake yi. Layi biyar na irin wannan rubutu sun fi takardar biyan kuɗin kayan gyara biyar amfani, kuma suna kare dukiyar jama'a daga gyaran lalube. Haka nan kada a tura motar da aka san tana da wannan cuta zuwa ƙauyukan bakin daji da yamma bisa dogaro da cewa ai tana tashi. Idan kuma ta mutu ana cikin tafiya, a taka birki da ƙarfi sau ɗaya ba tare da famfatawa ba, a riƙe sitiyari da hannu biyu, kada a zare makulli sai ta tsaya, domin sitiyari yana iya kullewa.

Ga ɗalibi kuwa, hanyar da aka bi a nan ita ce hanyar kowane bincike na ilmi: a lura, a rubuta, a yi zato, a gwada zaton, a jefar da shi idan bai tsaya ba. Bakaniken da ke ƙarƙashin bishiya a tashar Batsari, idan ya fara da tambayar direba yaushe ne take mutuwa kafin ya ɗauki sifana, wannan hanyar yake bi, ko da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba.